Wa Ya Ce Ƴanci Kayan Nasara Ne?

Daren Asabar ɗin da ta wuce, a fadarmu, an ɗauke wuta, shayi na biyu yana kan gawayi, sai gardama ta ɓarke. Wani abokinmu, ɗan boko ne, yana da bak ɗinsa har da lisans, ya bugi tabarma ya ce: "Ku daina damunmu da zancen haƙƙin ɗan adam. Kayan Nasara ne. Su sunka ƙirƙiro shi a 1789, su sunka kawo muna shi tare da bulala. Tunda mun ce ba mu son su, to su kwashe kayansu gaba ɗaya." Aka yi masa tafi. Wani kuma daga can ƙarshen tabarma, wanda kullum rediyon waje ke kunnensa, ya ce: "Kai dai faɗi gaskiya, in ba don Faransa ba da har yau duniya ba ta san mine ne ƴanci ba." Shi ma ya samu masu gyaɗa masa kai.

Ni dai na yi shiru, don in gardama ta yi zafi a fada ba mai jin wani. Amma da abin na kwana. Su biyun nan suna ganin kamar gaba suke da juna, alhali ƙarya ɗaya suka haɗiya: wai ƴanci mallakar Faransa ne, ɗaya yana gode mata, ɗaya yana so a mayar mata. Ni kuwa abin da nake cewa shi ne, ƙwatar abin nan aka yi. An fara ƙwatarsa daga hannun sarkin Faransa, daga baya aka ƙwace shi daga hannun Faransa kanta, kuma cikin waɗanda suka fi zubar da jini a kansa akwai baƙaƙen fata irina da irinku. Ku ba ni hankalinku in kawo hujja.

Na tuna muna lise, mushenmu na tarihi yakan cika allo da ranaku, mu kwafa, mu haddace don jarrabawa: 5 ga Mayu, 14 ga Yuli, 4 ga Agusta, 26 ga Agusta. Yadda aka ba mu labarin, sai ka ce wasu masu hikima ne, su Voltaire da Rousseau da Montesquieu, suka zauna suka yi tunani, haske ya sauko, jama'a suka farka. Ba na raina littattafansu. Amma abin da ya fito da mutanen Paris kan titi abu ne da kowane ɗan Maraɗi ko Damagaram zai gane ba tare da tafinta ba: bashi ne, da haraji, da tsadar abinci.

Gwamnatin Sarki Luwi na 16 ta ci bashi har wuya. Wani kaso babba an ci shi ne don taimakon Amurkawa a yaƙinsu da Ingila, kuma ba son ƴancinsu ya sa ba, so ake a ƙuntata wa tsohuwar abokiyar gaba. Zuwa 1788 kusan rabin abin da baitulmali ke kashewa yana tafiya wajen biyan bashi da ruwansa. To wa zai biya? Mutanen ƙasar, wajen miliyan 28, an kasa su gida uku: manyan coci, masu sarauta, sai kowa da kowa. Gida biyu na farko ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba, amma an yafe musu babban harajin ƙasa. Manomi shi ke biyan sarki, ya ba coci zakkar amfanin gona, ya biya mai ƙasa, ya biya harajin gishiri. Tattabarun mai sarauta da zomayensa su cinye masa shuka, ba shi da ikon kashe ko ɗaya, don farauta ta manya ce. Ran 13 ga Yuli 1788 ƙanƙara ta sauka ta lalata gonaki masu yawa, hunturun da ya biyo baya ya yi tsanani, burodi ya yi tashin gwauron zabi har lebura a Paris yana kashe fiye da rabin abin da ya samu a kansa shi kaɗai.

Da sarki ya rasa yadda zai yi, sai ya kira babban taron wakilan ƙasa, wanda rabon da a yi shi tun 1614. Shekara 175 ba a tambayi kowa komai ba, sai da aljihu ya bushe. Aka ce kowane gari da ƙauye ya rubuto kukansa, aka tara littattafan koke dubun dubata. Wakilai suka hallara a Versailles ran 5 ga Mayu 1789, sai aka ce kowane gida ƙuri'a ɗaya, ke nan biyu su danne ɗaya. Wakilan gida na uku suka ƙi. Ran 17 ga Yuni suka ce su ne majalisar ƙasa. Da suka tarar an kulle musu zauren taro, suka shiga wani ɗakin wasan ƙwallo suka yi rantsuwa ba za su watse ba sai an rubuta kundin tsarin mulki.

Ran 14 ga Yuli kuwa, mutanen da suka far wa kurkukun Bastil albarushi suka je nema, don sun ga sarki yana tara sojoji kewaye da birni. Fursunoni bakwai kacal aka tarar a ciki, kuma kusan mutum ɗari suka mutu a bakin ganuwar, yawancinsu masu sana'ar hannu da ƙananan ƴan kasuwa. A ƙauyuka manoma suka shiga gidajen masu ƙasa suna ƙona takardun da aka rubuta bashin wuyansu a ciki. Wannan wuta ita ta sa masu sarauta suka tashi a majalisa daren 4 ga Agusta suna "sadaukar" da gatansu. Wanda aka riga aka ƙona wa rumbu, in ya ce ya yi sadaka da hatsin, ai kun san irin sadakar. A watan Oktoba kuma dubban mata, yawancinsu ƴan kasuwa, suka taka kusan kilomita 20 cikin ruwan sama zuwa Versailles suna neman burodi, suka taso sarki a gaba suka dawo da shi Paris. Sai a lokacin ya amince da sanarwar haƙƙin ɗan adam da majalisa ta zartar tun 26 ga Agusta.

Abokina na fada, ka taɓa zama ka karanta takardar nan da kake so a jefar? Sassa 17 ne kawai. Ta ce ana haihuwar mutane da ƴanci, daidai suke a gaban doka. Ta ce ba a kama mutum a tsare shi sai bisa doka, kuma ba shi da laifi har sai an tabbatar. Ta ce kowa yana da ikon ya yi magana, ya rubuta, ya buga. Ta ce mai biyan haraji yana da ikon ya bi sawun kuɗinsa ya san inda suka shiga, kuma jama'a suna da ikon su tsayar da duk wani ma'aikacin hukuma ya ba da lissafin aikinsa. Cikin waɗannan, wanne ne ba ka so? Wanne ne mai sayar da albasa a Galmi, ko ɗan kabu-kabu a Yamai, zai ce bai shafe shi ba?

Yanzu kuma in juyo kan ɗaya abokin, mai godiya. Waɗanda suka rubuta takardar ba su yi nufin ta kai ga kowa ba. Da aka zo zaɓe, sai suka ce mai ƙuri'a shi ne namijin da ya kai shekara 25 kuma yana biyan harajin da ya kai ladan aikin kwana uku. Talaka tilis ya tsaya waje. Matan da suka taso sarki daga fadarsa su ma aka bar su waje. Wata marubuciya, Olympe de Gouges, ta rubuta tata sanarwar ta haƙƙin mata a 1791; a Nuwamban 1793 aka fille mata kai. Matan Faransa ba su samu ikon jefa ƙuri'a ba sai 1944. Sashe na ƙarshe na sanarwar kuma ya ce dukiya abu ce mai alfarma da ba a taɓawa, kuma a dokar Faransa ta lokacin bawa dukiya ne. Nan ne labarin da aka tsallake mana a lakwal ya fara.

A tekun Karibiyan akwai wani yanki na Faransa da ake kira Saint-Domingue, wanda yau shi ne Haiti. A 1789 babu mallakar da ta kai ta kawo kuɗi a duniya. Sukari da kofi da Turai ke sha, kaso mai tsoka daga can yake fitowa, kuma da shi aka gina manyan gidajen Nantes da Bordeaux. Bayi kusan dubu 500 ne ke aikin, a ƙarƙashin Turawa da ba su wuce dubu 40 ba. Mafi yawan bayin nan a Afirka aka haife su, don wahalar gonar rake tana cinye mutum da sauri har sai an yi ta kawo sababbi. Daga Kongo aka kwaso su, da gaɓar Benin, da yankin Senegal, kuma a takardun lissafin gonakin, inda ake rubuta ƙabilar kowane bawa, ana samun Hausawa, ko da yake ba su da yawa. Dokar da ake mulkinsu da ita tun 1685, ta zamanin Luwi na 14, ta ce bawan da ya gudu wata guda a yanke masa kunnuwa a yi masa lalas a kafaɗa, in ya sake a tsinke masa jijiyar ƙafa, na uku a kashe shi.

Majalisar da ta ce ana haihuwar mutane da ƴanci ta san da wannan sarai. Masu gonaki suna da ƙungiyarsu a Paris, attajiran tashoshin jiragen ruwa suna da wakilai, aka toshe maganar. Wani ɗa mai suna Vincent Ogé, ruwa biyu ne, mai dukiya, ya je har Paris yana roƙon a ba irinsa ƙuri'a. Ko ƴanta bayi bai nema ba. Da aka hana shi ya koma gida ya ɗauki makami, aka kama shi, a Fabrairun 1791 aka ɗaure shi a bainar jama'a aka kakkarya masa ƙasusuwa har ya mutu.

Daren 22 ga Agusta 1791 bayin arewacin tsibirin suka tashi. Cikin makonni kaɗan ɗaruruwan gonakin rake da na kofi suka zama toka. Ba wanda ya aiko musu da izini daga Paris. Shekara biyu ana gwabzawa, Ingila da Sifaniya suka shigo suna so su wafce tsibirin, wakilin Faransa a can, Sonthonax, ya ga in bai jawo baƙaƙen nan ba komai ya tafi, sai ya shelanta ƴancinsu a Agustan 1793. Ran 4 ga Fabrairu 1794 majalisar Paris ta soke bauta a duk yankunan Faransa, kuma a zauren akwai wakili baƙar fata, Jean-Baptiste Belley, wanda a Senegal aka haife shi, aka sayar da shi yana yaro. Ku duba jerin nan da kyau. An rubuta kalmar "kowa" a 1789, amma sai da bayi suka cinna wuta a 1791 kafin kalmar ta fara nufin kowa a 1794. To wa ke da ita, mai alƙalami ko wanda ya tilasta a cika alkawari?

Ba a nan ta tsaya ba. Napoliyon ya yi juyin mulki a Nuwamban 1799, kuma a 1802 surukinsa Leclerc, wanda ya aika, ya isa tsibirin da dubun dubatar sojoji. A wannan shekarar aka mayar da bauta a Guadeloupe, inda wani hafsa, Louis Delgrès, da mutanensa ɗaruruwa suka tarwatsa kansu da albarushi a kan su koma cikin mari. Toussaint Louverture, tsohon bawan da ya zama gwamnan Saint-Domingue, aka gayyace shi tattaunawa, aka kama shi, aka kai shi wani kurkuku mai sanyi a duwatsun gabashin Faransa, ya mutu a can ran 7 ga Afrilu 1803. Wanda ya gaji Leclerc har karnuka ya sa aka kawo daga Kuba don farautar mutane. Duk da haka zazzaɓin shawara da takobin Dessalines suka gama da rundunar. An yi yaƙin ƙarshe a Vertières ran 18 ga Nuwamba 1803, ran 1 ga Janairu 1804 aka shelanta ƙasar Haiti. Ba zan ɓoye ba, a watannin da suka biyo baya Dessalines ya sa an kashe Faransawan da suka rage, har mata da yara, kuma wannan zalunci ne ko daga hannun wa ya fito.

Wannan ɗan tsibiri ya sauya taswirar Yammacin duniya. Da Napoliyon ya ga ya rasa shi, sai ya sayar wa Amurka yankin Luwiziyana a 1803 kan dala miliyan 15, girman Amurka ya kusan ninkawa. Simon Bolivar, da aka kore shi daga ƙasarsa, Haiti ce ta ba shi makamai, bisa sharaɗin ya ƴanta bayi a ƙasashen da ya ƙwato. Mine ne sakayyar Haiti? A 1825 Sarki Charles na 10 ya turo jiragen yaƙi ya ce sai ta biya faran miliyan 150 diyya ga tsofaffin iyayengijin bayi. Daga baya aka rage zuwa miliyan 90, amma a bankunan Faransa ta ci bashin da ta biya da shi, kuma har aka shiga ƙarni na 20 tana fama da basussukan da suka biyo baya. Amurka ba ta amince da ita a matsayin ƙasa ba sai 1862. Faransa ba ta soke bauta na dindindin ba sai 1848, kuma masu bayin aka biya diyya, kamar yadda Ingila ta biya nata fam miliyan 20 bayan dokar 1833. Wanda aka bauta da shi ko anini bai gani ba.

Wani zai ce to mun ji siyasa, ƙere-ƙere fa, ai wannan kam nasu ne. Injin buga littafi na Gutenberg, wajen 1450 a garin Mainz na Jamus, ya girgiza Turai, gaskiya ne. Ba don shi ba da ƙasidu da jaridun 1789 ba su bazu kamar wutar daji ba. Amma takardar da ya buga a kai daga Sin ta taso, ta bi ta Samarƙand da Bagadaza da Andalus kafin ta kai hannunsa. Albarushin Bastil ma asalinsa Sin ne. Lambobin da suke lissafi da su daga Indiya suka zo ta hannun malaman Musulmi. Ban taɓa jin Bature ya ce takarda kayan Sinawa ce a mayar musu ba. Ya karɓa, ya yi aiki da ita, ta zama tasa. Mu ne kawai ake so a koya wa cewa abu mai amfani yana da launin fata.

Kuma na'ura ba ta san adalci ba. Injin da ya buga sanarwar 1789 irinsa ne ya buga dokar yanke kunnuwan bayi. James Watt ya gyara injin tururi a 1769, masaƙun Manchester suka buɗe baki suna neman auduga. A 1793 Eli Whitney ya ƙera injin gurza mai raba auduga da angurya, aikin da kakanninmu mata ke yi da magurji. Kowa zai zaci sauƙi ya zo. Bayi a Amurka kusan dubu 700 ne a 1790. Zuwa 1860 sun kusa miliyan 4, saboda noman auduga ya zama zinariya. Salular da ke hannunka yanzu haka take: da ita ake tona asirin azzalumi, da ita kuma ake bin sawun mai tonawa. Abin da ke raba biyun shi ne ko akwai dokar da ke kare ka.

Na san hujjar abokina mafi ƙarfi, kuma ba zan kauce mata ba. Zai ce munafunci ne, kuma mun gani da idonmu. Gaskiyarka. Jamhuriyar da ke rubuta ƴanci da daidaito da ƴan'uwantaka a goshin kowane ofis ita ta turo Voulet da Chanoine a 1899, suka ƙona garuruwa, suka yi yaƙi da Sarauniya a Lugu, suka yi kisan gilla a Birnin Ƙonni. Ran 14 ga Yuli 1899, shekara 110 cif bayan Bastil, a kusa da Dankori, Voulet ya sa aka harbe Kanar Klobb da aka aiko ya tsayar da shi. Bayan haka aka yi mana shekaru na aikin dole, kumandan yana iya kulle mutum kwanaki ba alƙali ba shari'a. A zamaninmu ma, da sunan kare farar hula aka yi wa Libiya ruwan bama-bamai a 2011, kuma mu nan mun san abin da ya malalo mana daga arewa bayan haka.

Amma munafuki shi ne mai faɗin gaskiya yana aikata saɓaninta. In liman ya yi wa'azi kan sata kuma aka kama shi da akuyar maƙwabci, limamin ake tsigewa. Ba wanda ke cewa to daga yau sata ta halatta. Iyayenmu da suka yi fama da mulkin mallaka sun gane haka. Wakilan Afirka a majalisar Paris da takardar 1789 ɗin suka mari Faransa, har aka soke aikin dole da dokar 11 ga Afrilu 1946 mai ɗauke da sunan Houphouët-Boigny. Ma'aikatan layin dogo na Dakar zuwa Bamako sun yi yajin aiki sama da wata biyar daga Oktoban 1947 suna cewa aiki ɗaya, haƙƙi ɗaya. Da aka zo rubuta sanarwar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1948, wata mata ƴar Indiya, Hansa Mehta, ita ta nace a cire kalmar da ke nufin maza a sa wadda ke nufin ɗan adam gaba ɗaya. A 1981 ƙasashen Afirka suka zartar da tasu yarjejeniyar a Nairobi. Hannu nawa ne suka taɓa wannan abu, sannan a ce na mutum ɗaya ne?

Sannan mu duba cikin gidanmu, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Bauta ba Nasara kaɗai ya yi ta ba. Hausawan nan da aka rubuta a takardun Saint-Domingue, hannun baƙar fata ne ya fara ɗaure su kafin su ga teku. A ƙasarmu sai 2003 aka sa bauta cikin manyan laifuka a doka. Hadijatou Mani, wadda aka sayar da ita tana ƴar shekara 12, ta kai ƙara kotun CEDEAO, kuma a Oktoban 2008 kotu ta ce ƙasa ta gaza kare ta, a biya ta sefa miliyan 10. Kai mai cewa haƙƙin ɗan adam kayan Nasara ne, je ka faɗa mata haka ido da ido. In an kwashe kayan an mayar, ita me za a bar mata?

Akwai darasi guda daga juyin nan na Faransa da nake so kowane matashi ya riƙe, don shi ne mafi ɗaci. A 1793, da maƙiya suka kewaye ƙasar, masu mulki suka ce yanzu ba lokacin ƴanci ba ne, ƙasa tana cikin haɗari. A Satumba aka yi dokar da ta ba da damar kama duk wanda ake zargi. Kusan mutum dubu 17 aka yanke wa hukuncin kisa, mafi yawansu ba masu sarauta ba ne, talakawa ne. Waɗanda suka yi tafi da aka kama na farko, da yawa su aka kama na biyu, har Robespierre kansa ya sa wuya a Yulin 1794. Da Napoliyon ya hau, cikin wata biyu ya rufe jaridu 60 cikin 73 na Paris. Zuwa 1811 huɗu suka rage. Mutumin da ya toshe bakin ƴan jarida a gida shi ne ya mayar da mari a ƙafar baƙar fata a waje. Ba a taɓa ƙwace haƙƙin mutum an ce masa don a cuce shi ba ne. Kullum ce masa ake don amfanin ƙasa ne, ko don abin baƙo ne, bai dace da al'adarmu ba. Masu gonakin Saint-Domingue ma abin da suka ce ke nan: wai ƴancin nan na Faransa ne, bai dace da baƙar fata ba. Abin da ya hana ni barci shi ne jin wannan magana tasu ta fito daga bakin ɗan'uwana, yana zaton kishin Afirka yake yi.

Ka ƙi Faransa iya son ranka, kana da dalili, ni ma ina da nawa. Ka nemi a biya Haiti kuɗinta, ka nemi a faɗi gaskiya kan Ƙonni da Lugu, ina bayanka. Amma ranar da aka ƙwanƙwasa ƙofar gidanku da tsakar dare aka tafi da ƙanenka ba takarda ba bayani, abin da tsohuwarku za ta tsaya tana tambaya a bakin ofis shi ne: ina yake, mi ya yi, yaushe za a kai shi gaban alƙali? Ba ta taɓa jin sunan Voltaire ba, kuma ba wanda ya koya mata tambayoyin.

Asabar mai zuwa zan koma fada da wuri. Na riga na ce ni zan sayi sukari da ganyen shayi, in dai za a bar ni in gama magana kafin a sauke na uku.